Tabon Rana ta Goma Sha Ɗaya

Ni na riga kowa ganinsa. A fara rubuta wannan kafin a rubuta komai. Kafin manyan malaman Zariya su sa tabarau su duba, kai, kafin shi kansa mai abin ya gani, ni Atu ɗan Tambaya, mai bin sawu, na ga launin nan da idona a cikin garin Tambuwal. Waɗanda sunka san zancen duk ƙasa ta rufe su. Ni kaɗai na rage. Kububuwa ta sare ni sau biyu, na ga farin da ya cinye shanu, mota ta kife da ni a hanyar Jega, ga ni nan ina fasa goro da haƙorana.

Ban yi boko ba, allo ma ban wuce Sabbi ba. Amma ƙasa takarda ce, kuma ni ke karanta ta. Na taɓa bin raƙumi daga nan har bakin gulbi bayan ruwa ya daki sawun, na kuma gaya wa mai shi ɓarawon gurgu ne, yana cin taba. Anka kama shi da taba a baki.

Sai dai wanga labari ba na jin daɗin ba da shi. Yadda anka yi na riga kowa gani ɗin, nan gizo ke saƙa.

*

Shekara guda bayan an yanke mana jihar Sakkwato ne, cikin bazara, lokacin da kuɗin mai ya sa kowane ɗan aike ya sayi babur. Wata Laraba da hantsi anka aiko Sajen 'yan sanda na kirana gidan marigayi Liman Hassan.

Na tarar da ƙofar gida maƙil. Kowa na faɗin albarkacin bakinsa.

"An sace lu'ulu'un ɗan Liman."

"Wane lu'ulu'u? Tsafin kuɗi ne, aljanun sun kwashe abinsu."

"To ai ga abin da boko ke jawowa."

Malam Dikko ɗan Liman yana tsaye bakin wani ɗaki a bayan zaure, fuska kamar wanda ya dawo daga maƙabarta. Saurayi ne mai sanyin hali, yana karatun kimiyya a Zariya. Wata guda kafin nan ya iso da akwatuna biyu na katako. Mutane sunka zaci firji ne. Da anka buɗe, kwalabe ne goma sha biyu masu faɗin baki, da wani ruwa fari kamar tsararren nono.

Ya taɓa yi mana bayani, ni da Sambo mai gadin gidan, muna zaune a zaure. Ya ce akwai wani dutse mai daraja da ake kira ofal, mai walƙiya kamar wuyan tantabara, kuma babu rini ko ɗigo a jikinsa. 'Yan ƙwayoyi ne kewayayyu, duk girmansu ɗaya, sai ka jera ɗari biyu kafin su kai kaurin gashi guda. Jeruwarsu ita ke ba da launin. Shi da hannunsa ya haɗa ƙwayoyin a Zariya, su ne cikin farin ruwan nan. Ya tsayar da sillen gilashi cikin kowace kwalba. Ruwa na ƙafewa a hankali, ƙwayoyin na hawa jikin gilashi suna jeruwa, ɗori kan ɗori, kamar ginin tubali, har su zama wata fata da ta fi ɓawon albasa rashin kauri.

"Abu guda dai, Baba Atu," in ji shi, "ba a taɓa su. Shi ya sa na kawo su nan. Can gine-gine ake yi, manyan motocin siminti na girgiza ƙasa dare da rana. Ɗakin Baba kuwa ko ƙuda bai motsi."

Wata Talata ya jera kwalaben a kan benci, ya kulle ɗaki, ya danƙa wa Sambo mabuɗi, ya tafi Sakkwato neman takardun ƙaro karatu. Mako uku ya yi. Da ya dawo ya buɗe, kwaɗo lafiya lau, ba a fasa ba. Amma kwalba ɗaya babu gilashi a cikinta, sauran goma sha ɗayan kuma sun dagule, sun yi gudaji-gudaji kamar an matsa tsamiya cikin madara. Aikin shekara biyu.

"Mi ke ɓata su haka?" na tambaye shi.

"Ko dai an jijjiga bencin, ko an zuba masu wani abu. Ruwan rijiya ma kawai ya isa, don akwai kanwa a cikinsa. Ban san wanne ba ne."

Saje ya ce, "Sarkin sawu, kwaɗo bai fashe ba, mabuɗi na hannun mutum ɗaya. Mun tambaye shi ko ya taɓa ba wani, ya yi mana gum. Ran Litinin sai gaban alƙali. In kana da abin da za ka gano, kana da kwana biyar."

Anka fito da Sambo. Dogo, siriri, ya sunkuyar da kai. Da sunka zo daidai inda nake ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Anka wuce da shi.

*

To bari in faɗi abin da ban faɗa wa Saje ba.

Sambo abokina ne tun muna ɗaura bante. Bafulatani ne, fari ya kashe masa shanu arba'in, bai rage da komai ba sai sunansa. A Tambuwal in an ce "amanar Sambo" an gama magana. Ran wata Jumma'a, kwana goma sha ɗaya da tafiyar Malam Dikko, anka aiko yayansa ya rasu a Fakku. Ya biyo ta gidana da sassarfa ya damƙa mini mabuɗin.

"Riƙe mini zuwa gobe, Atu. Ba na so in kai kayan mutane gidan makoki. Kada dai ka buɗe."

"Ni? Mi nika yi da kwalabe?"

Da anka sauko Jumma'a, gari ya yi tsit saboda zafi, sai ƙafafuna sunka kai ni. Ido ne sana'ata. A ce akwai abin gani a Tambuwal da ba ni na fara gani ba? Na buɗe, na shiga. Na lura kwalba ɗaya ba gilashi, na ɗauka haka mai abin ya bar ta. Na kama wani gilashi da yatsa biyu na zaro, na kai shi inda rana ke shigowa ta taga.

Wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. Kore, na karkata kaɗan ya koma shuɗi, na ƙara karkatawa ya yi ja kamar garwashi. Na daɗe ina juya shi kamar yaro da madubi.

Garin mayarwa gwiwar hannuna ta bugi kwalbar, ruwa ya ɗan zube. Na goge da bakin riga. Sai na ga ruwanta ya fi na sauran ƙasa, mai ido zai gane. Na ɗauko butata na ƙara. Hannu ya zarce, ya fi na sauran. To sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗiɗɗiga masu ruwan buta har sunka daidaita. Na share sawuna da rawani, na fita da baya. Aikin gwani. A raina ruwa dai ruwa ne.

Shi ya sa da Malam Dikko ya ambaci ruwan rijiya na gane aikina ne. Amma nan take Shaiɗan ya miƙo mini igiya. Ai ya ce ko jijjiga. Ai kafin in shiga wani ya riga ni, ya zare gilashi ɗaya. Wa ya sani ko shi ya jijjiga bencin, kayan sun riga sun kamo hanyar lalacewa? In na kamo ɓarawon, ya ɗauki kayansa duka, Sambo ya fita, ni ma in fita. Na riƙe igiyar nan da hannu biyu.

*

Ran Alhamis na kai wa Sambo fura inda anka kulle shi. Yana zaune a kan tabarma, ya jingina da bango.

"Sannu, Sambo."

"Yauwa, Atu. Ya iyali?"

"Lafiya. Sun matsa maka?"

"A'a. Tambaya ɗaya suka ta maimaitawa."

Na jira ya ce wani abu, ya zage ni, ya ce kai na ba mabuɗi. Bai ce ba. Ya sha fura, ya goge baki, ya ce ta yi tsami kaɗan.

"Zan kamo shi," na ce. "Ka san ni."

"Na san ka," in ji Sambo.

Daga nan na wuce kasuwa wurin Ɗanmaliki, mai sayar da 'yan kunne da duwatsun wuya. Duk gari ya san ya bi Malam Dikko har gida yana roƙon su haɗa hannu a sayar da lu'ulu'un a Legas. Da mutane sunka ga na nufi rumfarsa sai sunka biyo ni.

"A'a, Sarkin sawu! Yau kuma akuyar wa ta shigo rumfata?"

"Wadda ke walƙiya."

"Kai dai ba ka da dama. Ni da na tafi Legas tun kafin ɗan Liman ya kulle ɗakinsa? Mako biyu cur na yi. Tambayi tasha."

Gaskiya ya faɗa, kuma na fi kowa sani. Ya dawo ne bayan Jumma'ar nan, gilashin kuwa ya ɓata kafin ta. Amma ta yaya zan ce na sani? Sai na sa ya zazzage akwatunansa a gaban jama'a. Na duba tafin takalminsa, na sunsuni aljihun rigarsa, ina gyaɗa kai kamar mai ganin wani abu. Wuni guda na ɓata a kansa. Mata biyu da sunka zo sayen 'yan kunne sunka juya.

"Atu," ya ce da ni da zan tafi, murya ƙasa-ƙasa, "mi na yi maka?"

Na wuce abina. Bai yi mini komai ba.

*

Ran Jumma'a na kwanta na ce zazzaɓi. Ba zazzaɓi ba ne. Daga kan gado ina jiyo yara a lungu suna tafi suna waƙar Sambo ɓarawon kwalba. Matata ta ce matar Sambo ta daina zuwa rijiya sai da tsakar rana, lokacin da babu kowa.

Asabar da sassafe na koma ɗakin. Mai bin sawu ya san sirrin hantsi: in rana na kwance, ƙasa ba ta iya ɓoye komai. Na buɗe ƙofa, na kwanta rub da ciki, kumatu a kan daɓe. Na ga inda na goge da riga, na kawar da kai. Sai can na hango wani ɗan ƙyalli kamar idon kifi. Ɗigo ne na farin ruwan, ya bushe. Gaba kaɗan wani. Daga kwalbar da ba gilashi sunka taso, tazararsu gajera, tafiyar mai ƙaramin taki. Na bi su da rarrafe har dokin ƙofa. Ɓarawo zaure zai nufa, ya fice. Waɗanga ɗigo hagu sunka yi, sunka bi gindin katanga, sunka shige cikin gida.

Na aika a yi mini sallama da Dada, mahaifiyar Malam Dikko. Ta fito soron ciki ta zauna bayan asabari, carbi a hannu.

"Dada, kwaɗon ɗakin nan na ina ne?"

"Na rumbun marigayi ne."

"Kwaɗo da 'ya'ya biyu shika zuwa."

Carbin ya tsaya.

"Atu, ka tsufa ba ka bar shisshigi ba. Uwarka ma haka take."

"Allah ya jiƙanta. An ce kin je Kebbe kwanan baya."

"Suna na je. Ko shi ma sai na nemi izininka?"

Ta tashi ta shige. Na nufi tasha wurin Ɗangiwa, direban a-kori-kura mai zuwa Kebbe. Na same shi ƙarƙashin mota yana zagin wani ƙarfe.

"Dada? Ƙwarai, na kai ta, Laraba ce, mako biyu da wani abu. Tsohuwar nan ta ba ni dariya. Langa ta rungume a cinya tun daga nan har Kebbe. Na ce Dada kawo in ɗaure a sama, ta ce in kiyaye ta. Na ce to buɗe mu taɓa, ko ƙosai ne, ta ce Allah ya tsare bakina da abin da ke ciki. Duk ramin da munka faɗa sai ta yi a'uziyya."

"Gidan suna ta sauka?"

"Wane suna? Ƙofar gidan yayanta, Malam Na'iya."

*

Lahadi na bi Ɗangiwa. Hanyar Kebbe a wancan zamani ba hanya ba ce, horo ce. Na isa da azahar, na tarar da Malam Na'iya a zaure kan buzu. Tsoho ne ƙwarai, idanunsa sun tafi, amma kunnensa ya fi na zomo.

"Takun nan ba na Kebbe ba ne," in ji shi tun ban yi sallama ba.

Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya miƙa hannu bayan tulin littattafai ya jawo langa, a ɗaure da tsumma.

"Ƙanwata ta kawo. Mata sun cika mata kunne cewa ɗanta ya shiga tsafi, ta kasa barci. Ta ce in duba mata ko akwai sihiri. Ita ma ba ta kalla ba, kai ta kawar ta jefa shi ciki. Na ce mata, Hadijatu, abin da anka ɗauko ba da izinin mai shi ba, ba a buɗe shi a zaurena. Ki mayar. Ta ce kunya ba ta barinta. To ga shi, yadda ta ɗaure."

"An kulle mutum saboda shi, Malam."

"Inna lillahi! Wa?"

"Sambo."

"Sambo na Fakku? Wanda ya tsinci jakar wani Alhaji ya bi shi da ita har Dogon Daji a ƙasa?" Ya girgiza kai. "Ɗauki ka tafi yanzu. Kai kuma, ɗan Tambaya, mi ke damunka? Numfashinka na mai ɗauke da kaya ne."

"Hanya ce, Malam."

"To. Allah ya sa hanya ce."

A hanyar dawowa motar ta tsaya shan ruwa a bakin wani rafi. Na koma gindin kirya na kwance tsumman. Hali zanen dutse. Gilashin na kwance, lafiya lau, yana walƙiya. Sai idona ya kama abin da ban lura da shi ba ran Jumma'ar nan, don launi ya ɗauke mini hankali. Akwai layuka a jikinsa, a kwance, sirara ƙwarai, irin waɗanda tafki ke bari a gaɓa in yana janyewa. Fili mai faɗi, sai siririn layi. Fili, sai layi. Na gane nan take. Da rana zafi na shan ruwan da sauri, da sanyin asuba sai ya tsaya ya huta. Kowane layi kwana guda ne. Na ƙirga daga sama. Takwas. Talata zuwa Talata. Ran nan Dada ta zare shi, washegari ta hau mota.

Ashe gilashi ma na riƙe sawu. Kuma in wannan ya riƙe, sauran goma sha ɗayan ma sun riƙe.

Na ɗaure langar. Har Tambuwal Ɗangiwa na ta tsokanata wai ko na ci abin da ke ciki.

*

Litinin da hantsi, kafin alƙali ya zauna, na roƙi Saje ya tara su a zauren Liman. Malam Dikko, Ɗanmaliki, Sambo da ɗan sanda a gefensa, Dada a bayan asabari. Jama'a sun toshe ƙofa.

Na ajiye langa a tsakiya na buɗe. Malam Dikko ya durƙusa. Ya ɗaga gilashin ga haske, zaure ya ɗauki salati.

"Ya yi," yake ta faɗi, "Baba Atu, ya yi! Ina ka samo shi?"

Kafin in buɗe baki murya ta fito daga bayan asabari.

"Ni na ɗauka. Da mabuɗin marigayi. Tsoro na ji, an ce yaron nan ya bar hanyar ubansa." Sai kuka. "Ni na ɓata masa sauran. Na tuna zanena ya ja ƙafar benci. Ku saki bawan Allah, ni ce."

Malam Dikko ya yi zaune a ƙasa. Ya dubi asabarin, ya dubi gilashin, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Saje ya ce, "To, magana ta zama ta cikin gida. Tsakanin ɗa da uwa ba mu shiga. Sai dai shi wannan, har yanzu bai gaya mana dalilin da ya sa ya yi mana gum ba."

Ɗanmaliki ya ce, "Sarkin sawu ya yi aiki. Ko da yake ni ya tozarta, na yafe."

Ga ƙofa a buɗe. Ba wanda ya san abin da layukan ke nufi sai ni. Da na yi shiru, da na fita da kirari: Atu ya bi ɗigon ruwa har Kebbe. Tsohuwa ta tafi kabari tana ganin ita ta rusa ɗanta, Sambo kuma ya fita da rabin suna, ana cewa ai dai akwai abin da ya ɓoye. Na dubi Sambo. Yana kallon yatsun ƙafarsa.

Ba zan ce tsoron Allah kaɗai ya motsa ni ba, kada in ƙara ƙarya a kan ƙarya. Har da girman kai. Ban taɓa ganin sawu na karanta shi ba daidai ba.

"Malam," na ce, "ɗauko mini ɗaya daga cikin lalatattun."

Ya kawo. Na fita da shi bakin ƙofa inda rana ke kwance, na nuna masa layukan da tsinke. Ya ƙanƙance ido, ya daɗe, sannan ya ce, "Ikon Allah. Na san suna yin layi, ban taɓa tunanin ƙirga su ba."

"Na Dada takwas ne, duk masu kyau. Ƙirga wannan."

Ya bi tsinken. "Takwas. Tara. Goma. Duk lafiya. Na goma sha ɗaya ne ya dagule."

"Kawo wani."

Munka duba biyar. Duk a wuri ɗaya tabon yake.

"Ke nan bayan Dada ta fita, kayan sun ƙara kwana biyu suna jeruwa lafiya. Dada, share hawayenki, zanenki bai yi komai ba. Ke ce ma kika tsirar da guda. Saje, Malam ya kulle ɗaki ran Talata. Rana ta goma sha ɗaya wace rana ce?"

Saje ya lanƙwasa yatsu. "Jumma'a."

Wani daga ƙofa ya ce, "Ai ran nan Sambo na Fakku. Tare munka yi jana'izar yayansa."

Saje ya juya.

"Sambo, wa ka bar wa mabuɗi?"

Sambo bai ɗago ba.

Na cire hulata na ajiye a ƙasa, kusa da langar.

"Kada ku wahalar da shi, ba ya faɗi ko za ku yanka shi. Ni ya bar wa. Ya ce kada in buɗe, na buɗe. Na zaro guda na kalla, na zubar da ruwa, na cike da na buta, na bi sauran na daidaita, na share sawuna. Tun ran Laraba na sani. Ɗanmaliki, na san ba kai ba ne lokacin da nika zazzage maka kaya. Ga ɓarawon, Saje. Na kamo maka shi."

Can wata tsohuwa a waje ta ce, "Oh, ni 'yasu! Kare ya kamo wutsiyarsa."

*

Malam Dikko bai kai ni gaban alƙali ba. Da ma ya kai ni, da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Baba Atu, da ka roƙe ni, da na nuna maka." Ya tafi Zariya da gilashin nan mai layi takwas, shi ya nuna wa malamansa, sunka yarda hanyarsa ta yi. Sauran aikin sai da ya sake shi daga tushe, shekara guda ta tafi a banza. Ran da zai tashi ya aiko mini da ɗaya daga cikin lalatattun, a naɗe cikin auduga, ba tare da saƙo ba. Ɗanmaliki ya janye yafewarsa, ya shekara uku bai amsa sallamata ba, kuma yana da gaskiya.

Sambo kuwa, da anka sake shi, na bi shi a baya har bakin gari. Ya ɗaure 'yan komatsansa, matarsa na gaba da ƙwarya a kai, za su koma Fakku. Malam Dikko ya roƙe shi ya zauna, ya ce a'a, hannunsa ya gama riƙe mabuɗin mutane.

"Sambo," na ce, "don mi ba ka faɗa masu ba?"

"Ni na ba ka. In na faɗa, na tona amanata da bakina, na tona taka."

"To ka zage ni mana. Ka tofa mini yawu."

Ya tsaya ya gyara sandarsa a kafaɗa. Ya dube ni kamar yadda yake duban saniyar da ta yi ɓarna, ba fushi, ba dariya.

"Na san za ka kamo shi, Atu. Ba ka taɓa ɓatar da sawu ba. Ban dai zaci zai ɗauke ka kwana biyar ba."

Ya juya. Na tsaya ina kallon sawunsa a kan rairayi, dogon taki, dunduniyar hagu ta fi nutsewa. Na san inda ya nufa, na san hanyar kamar tafin hannuna. Sau uku ina kama hanyar Fakku, sau uku ina juyowa daga bakin rafi. Na huɗun jana'izarsa na je.

Na bi sawu shekara talatin bayan wannan, na kamo ɓarayin da ba su ƙirguwa. Amma duk wanda ya tambaye ni wane ne mafi wuyar kamu a cikinsu, na kan ce wani ne mai share sawunsa da rawani.

Gilashin na nan cikin gafakar ubana, ƙarƙashin gado. Samansa har yau in rana ta taɓa shi sai ya yi kore, ya yi shuɗi, ya yi ja. Wanda ke ganin tsoho na zuba ne, to ya zo Tambuwal, ya tambayi gidan Atu ɗan Tambaya, ya zo da hantsi kafin rana ta miƙe. In ba shi tsinke ya ƙirga da kansa. In ya iya ganin layukan ma, na sara masa. In kuwa ya kai na goma sha ɗaya bai tarar da ni a wurin ba, ya ɗauki hular nan ya tafi da ita.